Wa Zai Ce Gida Ya Gyaru? Darasi Daga Tsibirin Bikini

Jama'a, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, akwai wata tambaya da nake so mu yi tunani a kanta tare. Idan aka ɓata ƙasar wasu mutane da gubar da ido ba ya gani, hanci ba ya jin warinta, harshe kuma ba ya ɗanɗanarta, yaya za a san ranar da ya dace su koma gida? Wa kuma ke da ikon ya ce musu gida ya gyaru? Wannan tambaya ta faɗa wa mutanen tsibirin Bikini, an kuwa ba su amsa sau ɗaya, amsar ta zama kuskure. Ra'ayina shi ne, lissafin da masana ke yi na yawan gubar da mutum zai ɗauka abu ne mai amfani ƙwarai, amma ba ya zama gaskiya sai an gina shi a kan yadda mutanen suke zaune da abin da suke ci. Kuma bai kamata wanda ya yi ɓarna ya zama shi kaɗai ne mai awo, shi ne kuma alƙali ba.

Da farko dai bari mu san wurin. Bikini tana cikin Tsibiran Marshall, can tsakiyar Tekun Fasifik. Wasu ƙananan tsibirai ne na yashi da duwatsun murjani, sun jeru kamar zobe, sun sa wani babban tafki na ruwan teku a tsakiya. Mutanen wurin masunta ne, abincinsu kifi da kwakwa da 'ya'yan itatuwa. A watan Maris na 1946 sojojin ruwan Amurka suka kwashe su, su 167, bayan an gaya musu cewa za a gwada sabon makami ne domin amfanin 'yan Adam, kuma tashin nasu na ɗan lokaci ne. Aka kai su Rongerik, inda yunwa ta kusa hallaka su. A 1948 aka mai da su Kili, wani ɗan tsibiri da ba shi da tafki, wanda igiyar ruwa kan hana jirgi tsayawa a bakinsa watanni da yawa a shekara.

Daga 1946 zuwa 1958 Amurka ta gwada bama-baman nukiliya 67 a Tsibiran Marshall, 23 daga ciki a Bikini. Mafi girmansu shi ne wanda ake kira Bravo, na ranar 1 ga Maris, 1954. Ƙarfinsa ya kai kamar sau dubu na bom ɗin da aka jefa a Hiroshima, ya kuma wuce ninki biyu na abin da masu ƙera shi suka zata. Iska ta kwashi tokarsa ta yi gabas da ita, ta zubar a kan mutanen Rongelap da Utirik. A Rongelap farar toka ta yi ta sauka, yara suna wasa da ita, sai bayan kwana biyu aka zo aka kwashe mutanen. Fatarsu ta ƙone, gashinsu ya zube, kuma daga baya yawancin yaran da ba su kai shekara goma ba a lokacin suka sami ciwo a ƙwayar wuya, watau wurin da maƙoƙo kan fito. Tun daga nan ya kamata a gane cewa lissafin masana yakan kuskure.

To, mece ce wannan guba, kuma yaya ake auna ta? Idan bom ɗin nukiliya ya fashe, yakan bar wasu sinadarai masu fitar da wani irin tururi wanda ba a gani, amma yana ratsa jiki yana lalata ƙwayoyin halittarsa. Idan ya yi yawa yakan ƙara haɗarin kamuwa da ciwon daji. Kowane irin sinadari yana da tsawon lokacin da rabinsa kan mutu. Akwai wanda rabinsa kan mutu cikin kwana 8, akwai kuma fulutoniyam-239 wanda sai ya yi kamar shekara 24,000. Wanda ya fi damun mutanen Bikini shi ne siziyam-137, shi kuwa shekara 30 yake yi kafin rabinsa ya mutu. Ɗalibin lissafi zai iya ganewa da kansa: abin da ya zuba a 1954, rabinsa na nan a 1984, rubu'insa kuma a 2014, in banda wanda ruwan sama ya wanke ya gangara da shi ƙarƙashin ƙasa.

Ma'aunin da ake auna illar tururin a jikin mutum sunansa milisibat. Kowane ɗan Adam yana samun ɗan tururi daga duwatsu da iska da sararin sama, ko da ba a taɓa fasa bom kusa da garinsu ba. Matsakaicin wannan a duniya kamar milisibat 2.4 ne a shekara. Ƙa'idar da ƙasashe da yawa ke bi ita ce, kada aikin ɗan Adam ya ƙara wa mutumin gari fiye da milisibat 1 a shekara a kan wannan.

Kafin mutane su koma, ba yadda za a yi a auna jikinsu, tunda ba su riga sun zauna a wurin ba. Saboda haka sai a yi ƙiyasi. Masana sukan duba hanyoyi huɗu da guba ke bi ta sami mutum. Ta farko ita ce tururin da ke tasowa daga ƙasa yana dukan jiki daga waje. Ta biyu ƙurar da ake shaƙa. Ta uku ruwan sha. Ta huɗu abinci. Ta farko ita ce mai sauƙin awo, domin na'ura ake ɗauka a zaga da ita tsibirin. Ta huɗu kuwa sai an yi lissafi hawa-hawa. A ɗebo kwakwa da kifi a auna yawan siziyam da ke cikin kowane kilo, a ninka da yawan abin da mutum ke ci a rana, a ninka da kwanakin shekara, sa'an nan a juya amsar zuwa milisibat.

A nan gizo yake saƙar. A Bikini, abinci shi ne babbar ƙofar da guba ke shiga, har ya fi sauran hanyoyin uku a haɗe nesa ba kusa ba. Dalili kuwa yana cikin ƙasar wurin. Kowane tsiro yana bukatar sinadarin fotashiyam, wanda manomanmu suka sani a cikin takin zamani na NPK, shi ne harafin K ɗin nan na ƙarshe. Ƙasar Bikini yashin murjani ce, fotashiyam ya yi mata ƙaranci, kuma ba ta da yumɓun da zai riƙe siziyam ya hana shi motsi. Shi kuwa siziyam ya yi kama da fotashiyam ƙwarai, har saiwar itace ba ta rarrabe su. Sai itacen kwakwa ya zuƙe shi, ya kai shi cikin ruwan kwakwa da namanta. Ƙaguwar da ke cin kwakwa ta ɗauka, mutum ya ci kwakwa ya ci ƙaguwa, guba ta zauna a cikin tsokarsa.

Yanzu ku lura da raunin wannan lissafi. Yawan siziyam da ke cikin kwakwa na'ura ce ke faɗa, ita kuwa ba ta da son rai. Amma yawan kwakwar da mutum ke ci a rana, wani ne zai zauna ya ƙaddara. Alal misali, idan mai gida ya ƙaddara iyalinsa mudu ɗaya na gero suke ci a rana, alhali kuwa mudu biyar suke ci, to, ko da bai yi kuskure ko ɗaya a tarawa da ninkawa ba, rumbunsa zai ƙare tun damina ba ta faɗi ba. Haka ma idan masani ya ƙaddara mutum kwakwa ɗaya yake sha a rana, shi kuwa biyar yake sha, amsar da za a samu kashi ɗaya ce cikin biyar na gaskiya.

Abin da ya faru ke nan. A 1968 Shugaban Amurka, Lyndon Johnson, ya ba da sanarwar cewa mutanen Bikini suna iya komawa, bisa shawarar hukumar makamashin atam ta ƙasarsa, wadda ita ce da ma take kula da gwaje-gwajen. Aka share tarkace, aka dasa sababbin itatuwan kwakwa, aka gina gidaje. Daga farkon shekarun 1970 wasu iyalai suka koma. Ƙiyasin da aka dogara da shi ya ɗauka cewa kwakwar da mutane ke ci kaɗan ce ƙwarai, nesa da abin da suke ci a zahiri. Da itatuwa suka fara 'ya'ya, mutane suka ci, domin jirgin da ke kawo musu abinci daga waje ba ya zuwa a kan kari. An gargaɗe su su rage cin amfanin tsibirin, amma mai jin ƙishirwa da ke zaune ƙarƙashin itacen kwakwa ba ya jin irin wannan gargaɗi. A 1975 mutanen Bikini da kansu suka kai ƙara kotun Amurka, suna neman a yi cikakken awon ƙasarsu. A 1978 likitoci suka auna jikinsu, suka tarar siziyam ya ƙaru ƙwarai, har wasu sun wuce iyakar da aka yarda da ita. A wannan shekara aka sāke kwashe su, su wajen 140. Sau biyu ke nan ana raba su da gida.

Mutanen Rongelap ma sun ga irin wannan. An mai da su gida a 1957 da tabbacin cewa babu haɗari. Suka zauna shekara 28 suna kokawa da cututtuka, har a 1985 suka yanke shawarar tashi da kansu, jirgin ƙungiyar Greenpeace mai suna Rainbow Warrior ya kai su tsibirin Mejatto.

Saboda haka nake ganin akwai sharuɗɗa huɗu da ya wajaba a cika kafin a ce wa irin waɗannan mutane su koma.

Sharaɗi na farko, a tambayi masu gida. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Matar da ke dafa abinci ita ta san yawan kwakwar da ke shiga tukunya, ita ta san abin da ake ba jariri, ita ta san abin da ake ci idan shinkafar jirgi ta ƙare. Masanin da ya zo ya yi mako biyu ya koma, ba zai san wannan ba sai an gaya masa. Wannan sani na mutanen gari wani ɓangare ne na kimiyyar, kamar yadda na'urar awo take.

Sharaɗi na biyu, a yi lissafi da wanda ya fi kowa shiga haɗari. Matsakaicin mutum a takarda yake zaune. A cikin gari akwai tsohon da ba ya son abincin gwangwani, akwai yaron da ke yini a cikin kurmin kwakwa, akwai talakan da ba shi da kuɗin sayen shinkafa. Akwai kuma shekarar fari, da watan da jirgi bai zo ba. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta bi wannan hanya a rahoton da ta fitar a 1998. Ta ce idan mutum ya zauna a tsibirin Bikini yana cin amfanin wurin zalla, zai sami kamar milisibat 15 a shekara, don haka ta ba da shawarar kada a koma zama na dindindin sai an yi gyara. Wannan irin magana ita ce mai amfani, domin ta faɗi adadi, ta kuma faɗi sharaɗin da adadin ya dogara a kai.

Sharaɗi na uku, bayan ƙiyasi a bi da awo, kuma kada a daina. Gani ya kori ji. Akwai na'urar da mutum kan zauna a gabanta na 'yan mintoci, ta faɗi yawan siziyam da ke jikinsa. Fulutoniyam kuwa a fitsari ake nemansa. Wani abin farin ciki shi ne, jiki yana fitar da siziyam da kansa: cikin wata uku zuwa huɗu rabin abin da ke jikin babban mutum yakan fita, idan ya daina cin abin da ke kawo shi. Ashe idan ana awo a kai a kai, za a iya tarar abin tun bai yi nisa ba. An kafa irin waɗannan na'urori a Enewetak da Rongelap da Majuro, babban birnin ƙasar, aka kuma koya wa 'yan ƙasa aiki da su. Wannan mataki ne mai kyau, ya kamata a ce tun 1968 aka fara da shi.

Sharaɗi na huɗu, a sami mai awo na biyu wanda ba shi da hannu a ɓarnar. Ba a ba kura ajiyar nama. Ban ce masanan gwamnatin Amurka maƙaryata ba ne, domin su ne ma suka gano maganin da ya fi kowane amfani. Masanan ɗakin bincike na Lawrence Livermore sun nuna cewa idan aka zuba wa itatuwan kwakwa takin fotashiyam mai yawa, saiwa takan ƙoshi da shi ta ƙyale siziyam, har gubar da ke cikin kwakwa ta ragu da kamar kashi 90 cikin ɗari ko fiye. Amma duk da haka, wanda zai biya kuɗin gyara yana da dalilin son adadi ya zo da sauƙi, ko da bai yi niyyar cuta ba. A 2016 masu bincike daga Jami'ar Columbia ta birnin New York suka fitar da awon da suka yi da kansu. Sun sami cewa tururin da ke dukan jiki daga waje kaɗai a tsibirin Bikini ya kai milisibat 1.84 a shekara, ba a ma sa na abinci ba, alhali a tsibirin Enewetak da na Rongelap abin da suka samu kaɗan ne ƙwarai. Irin wannan awo na biyu shi ke sa mutane su san wace magana za su riƙe.

Na san wani zai ce, ai tsoro ma yana da nasa illa. Zai ce zaman gudun hijira a Kili, cikin cunkoso, ana dogara da abincin gwangwani da farar shinkafa, ya jawo ciwon sukari da hawan jini, kuma wataƙila waɗannan sun fi 'yan milisibat kaɗan kashe mutane. Zai ƙara da cewa akwai wurare a duniya, kamar garin Ramsar na ƙasar Iran da gaɓar Kerala ta Indiya, inda tururin da Allah ya halitta a ƙasa ya fi na wurare da yawa a Tsibiran Marshall, kuma mutane suna zaune. Wannan magana tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yaran da aka haifa a Kili da Majuro da Amurka suna tashi ba su san tuƙa kwale-kwalen kakanninsu ba, ga shi kuma ruwan teku yakan hau Kili ya shiga gidaje.

Amma wannan hujja a wajena ƙara ƙarfafa maganata take yi. Tunda akwai asara a komawa, akwai kuma asara a rashin komawa, to, wa ya fi cancanta ya ɗora su a sikeli in ba wanda zai ɗauki asarar ba? Aikin masani shi ne ya ce: idan kun ci kaza za ku sami milisibat kaza, idan an zuba taki zai ragu zuwa kaza, ga kuma inda lissafina yake da rauni. Yanke shawara kuwa ta masu ƙasa ce. Ko iyakar da za a bi ma ba na'ura ce ke faɗarta ba, mutane ne ke zaɓa. A yarjejeniyar komawa Rongelap an amince da milisibat 1 a shekara, amma kotun da aka kafa a Tsibiran Marshall don sauraron ƙarar waɗanda gwajin ya cuta ta ɗauki milisibat 0.15, watau ma'aunin da hukumar kare muhalli ta Amurka take amfani da shi a wancan lokacin wajen gyaran gurɓatattun wurare a can gida. Hujjarta mai sauƙi ce: abin da mai ɓarna ba zai yarda da shi a ƙasarsa ba, kada ya ɗora wa wasu. Kotun nan ta yanke wa mutanen Bikini diyyar dala miliyan 563 a 2001, amma asusun da aka tanada bai isa ba, ɗan kaɗan kawai aka biya.

Har yau babu al'ummar da ta koma zama na dindindin a Bikini, kuma yawancin mutanen Rongelap ba su koma ba, duk da an kankare ƙasar wurin zamansu an shimfiɗa tsakuwa mai tsabta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ɓarnar da kalmar nan ta "babu haɗari" ta yi a 1957 da 1968 ta daɗe kamar yadda gubar ta daɗe, domin ta kashe yarda. Rabin siziyam yakan mutu cikin shekara 30, amma ba wanda ya san shekarun da yarda kan yi kafin ta dawo.

Kada mu ɗauka wannan labarin mutanen nesa ne kawai. A ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta fasa bom ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Sahara ta ƙasar Aljeriya, hamadar da iskar hunturunmu ke fitowa daga cikinta. Da ta ci gaba da gwaji, Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da ita a watan Janairu na 1961. Shugabannin wancan lokaci sun gane cewa ƙura ba ta san iyakar ƙasa ba. Ƙasar da ba ta da 'ya'yanta masu iya awo da lissafi, dole ta karɓi duk adadin da aka miƙo mata.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu riƙe darussan lissafi da kimiyya da hannu biyu, mu kuma koyi tambayar da ta fi kowace muhimmanci idan aka ba mu wani adadi: me aka ƙaddara kafin a same shi, kuma wa aka tambaya? Iyayenmu kuma ina roƙonsu su ƙarfafa wa 'ya'yansu gwiwa a wannan fanni, maza da mata. Mutanen Tsibiran Marshall suna tunawa da ranar 1 ga Maris kowace shekara. Allah ya mai da su gidajensu lafiya, ya kuma kare mu da irin abin da ya same su, amin.